Bodari a Mayafin Inna

Tun jirgin ruwa bai yi nisa da Fot Sudan ba na yi wanka na ɗaura haramina. Wani dattijo ɗan Barno da muke zaune gefe ɗaya ya ce in dakata tukuna in ga yadda ƙasar take. Na ce masa ni ba kallon ƙasa ya kawo ni ba. Na yi ƙwadago a Wadai, na tsinci auduga a Jazira ta Sudan har yatsuna suka tsattsage, duk don wannan rana, sannan a ce in dakata? Na yi niyyar aikin hajji a nan take, ina ganin gobe war haka ina Makka. Dattijon ya girgiza kai ya ci gaba da jan carbinsa.

Wanda ya ɗaura harami ya ɗaure kansa. Babu ɗinki a jikinsa, babu hula, babu aski, babu yankan farce, babu turare, kuma ba ya kashe naman daji, har sai ya gama aikinsa. Duk na san wannan. Abin da ban sani ba shi ne yadda Jidda take riƙe mutum.

Haramin nawa kuwa ba na kanti ba ne. Innata ce ta kaɗa zaren da hannunta, daga audugar bayan gidanmu, ta saƙa shi saƙar mata mai faɗi wadda ba ta buƙatar allura, ƙyalle biyu, na ɗaurawa da na yafawa. Da ta miƙo mini sai ta ce, “Mamman, ni dai ba zan ga Arfa ba, amma zaren hannuna zai gani. Na yafawar nan ka tsaya da shi a can, ka dawo mini da shi kada ka wanke. Da shi za a rufe ni.” Duk wahalar hanya ban taɓa shimfiɗa shi ba, ban taɓa ta da kai da shi ba. An sace mini takalmi, an sace mini buta, shi kuwa yana ɗaure a cikina ƙarƙashin riga.

Muna sauka wani mutum mai fara'a ya tare mu da Hausa tas, ya ce shi wakilin alhazai ne. Ya karɓi takardunmu da abin da ke hannunmu zai je ya buga mana hatimin shiga Makka. Har yau yana bugawa. Na ce to, ƙafar da ta kawo ni daga ƙasar Gumel ba za ta gaza a nan ba, na kama hanya. A shingen da ke tsakanin Jidda da Makka askar, sojan da ke gadin wurin, ya dube ni, ya dubi hannuna babu takarda, ya nuna mini inda na fito. Na zagaya ta bayan duwatsu, suka kamo ni suka ɗora a mota suka maido. Na dawo Jidda da harami a jiki, ga hajji da sauran fiye da wata.

Haka na shiga dako a wani sito a unguwar Bagdadiyya, na wani attajiri ɗan Hadaramauti da ban taɓa gani ba sai daga nesa. Ina sauke buhunan shinkafa da ƙafaɗa tsirara, in naɗe mayafin in ajiye a kan taga, in an tashi in yafa. Gashina ya yi buzu-buzu, farcena ya yi zaƙo-zaƙo, ƙwarƙwata ta samu gida ba haya tunda ko ita ba ni da ikon murtsukewa. Da yamma in na ji ƙamshin girki daga gidajen mutane sai miyar kuka ta faɗo mini a rai, in juya wa abokan aiki baya don kada su ga idona.

Shugaban 'yan dako sunansa Sale, Bahaushe ne haifaffen Sudan, amma in ba ka ce masa Rayyis ba ba ya amsawa. Hausa a bakinsa take kamar ruwa, sai dai ba ya yi da mu sai zai yi zagi. Ni kuwa ya sa mini suna Alhajin Sito. In na wuce da buhu sai ya ɗaga murya, “Ku ba Alhaji hanya, yana ɗawafi!” A yi dariya. Na haɗiye, ba don ba ni da baki ba. Maigidan yana da rumfunan ciniki a Mina, kuma duk shekara motarsa kan kwashi kaya da ma'aikata ranar takwas ga wata, ta wuce shingen da sunan masu aiki. Wanda Rayyis ya ce hau shi ke hawa. Wannan motar ita kaɗai ce ƙofata.

Direban motar, Ammi Bakur, tsoho ne baƙi siriri da aka haifa a Jidda. Kakansa ne ya zo daga Katsina. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi sai ta riƙa kuɓuce masa ya cike da Larabci. Shi kan raba shayinsa biyu ya turo mini rabi, ya ce, “Sha, ya waladi. Haƙuri, shuwayya shuwayya.”

Ana haka wani abu ya fara cinye tantabarun maigida da ake kiwo a saman sito. Aka ce kyanwa ce. Aka kawo tarkon waya mai kamar akurki, mai ƙofa da ke faɗowa in an taɓa naman da ke ciki, aka bi sawu aka ɗana shi a ɗakin ƙurya, inda ake ajiye dilolin yadi da gahawa da itacen turare. Da safiyar ranar takwas ɗin nan, muna tsaka da loda mota, wani ɗan dako ɗan Yaman ya fito daga ɗakin yana murna, wai an kama wata kyanwa mai kyau, baƙa da zane fari a baya, zai je ya ɗauko ta.

Rayyis ya riƙe masa riga. Ya leƙa daga bakin ƙofa, ya ja da baya a kan yatsun ƙafa, ya ce da ni da Hausa, “Alhaji, zo ka ga ɗan garinku.”

Na leƙa. Bodari ne. Ina jin a cikin damman ciyawar da ake kawowa da tumakin Sudan ya ɓuya ya ƙetaro teku, shi ma ba takarda. Ban san lokacin da na yi murmushi ba, don rabona da ganin wani abu na gida na daɗe, ko da kuwa ɓarawon kajin Inna ne. Sai kuma murmushin ya koma. Ina yaro bodari ya taɓa fesa mini a bayan akurki, aka wanke ni da toka, aka wanke da tsamiya, aka binne rigata, duk da haka a zaure na kwana har kasuwa ta zagayo. In wannan ya saki abinsa a ɗakin nan, yadi da gahawa da turare sun tashi aiki. Rayyis ma ya san haka, ai a ƙauye ya tashi. Shi ya sa bai aiki kowa ba sai ni.

Ya miƙo mini wani ƙarfe mai tsini. “Ta cikin wayar za ka soke shi. Sau ɗaya. Yalla.”

Na ce, “Rayyis, da harami nake.”

“To, sai me? Ba ɓera ba ne? An ce a kashe ɓera.”

“An ce ɓera, da kunama, da hankaka, da shirwa, da kare mai cizo. Malamin da ya karantar da ni bai ce bodari ba. Kuma kai ma ka sani, kafin ƙarfen nan ya shige shi ya gama da ɗakin.”

“Iyye! Yau kuma fatawa muka samu a sito?” Ya matso har ina jin numfashinsa. “Ka ji ni da kyau. Ko ka kashe shi, ko ka fitar da shi ba tare da ɗakin nan ya yi wari ba. In ya yi, babu mota. In kai ka yi, babu mota, ba zan zuba alhazai da mushe a wuri ɗaya ba. Ana sallar la'asar za mu tashi, halas.”

Gaba kura baya siyaki. Na ce to a ba ni yadi in rufe tarkon, don bodari in bai ga abin da zai fesa wa ba, kuma yana cikin duhu, yakan lafa. Ga diloli nan jibge har rufi, har da na tawul ɗin harami da za a kai Mina a sayar. Ya ce kayan maigida ne, ba a kwance su don dabba. Ya sa ƙafa ya turo mini wani yagaggen buhu da ko rabin tarkon ba zai rufe ba, rana ma tana ratsa shi. Na ce wannan ba zai yi ba. Sai ya yi dariya ya nuna ƙafaɗata.

“Ai ga mayafi nan ka yafa, Alhaji. Ko ya fi ƙarfin ɗan garinku?”

'Yan dako suka zuba mana ido. Duk sun san labarin mayafin, don sun ga yadda nake naɗe shi. Raina ya ɓaci har na ji kunnuwana sun ɗau zafi. So yake in ce a'a ya samu dalilin barina, ko in ɗauki ƙarfe in ɓata haramin da na yi wata ina tsare da shi cikin ƙwarƙwata. Na jefar da ƙarfen a gaban ƙafarsa, na zare mayafin Inna daga ƙafaɗata, na ce kowa ya bar bakin ƙofa, wanda ya yi tari kuma Allah ya isa.

Na ware mayafin na riƙe shi da hannu biyu a gabana, daga goshi har ƙasa, yadda ba zai ga mutum ba sai farin bango yana matsowa. Ta gefe nake leƙensa da ido ɗaya. Tafiyar kuwa irin ta hawainiya. Ba a yi wa bodari shiru a faɗo masa kwatsam, gara ya riƙa jin murya ƙasa-ƙasa ya san inda kake. Na nemi abin da zan ce masa na rasa, sai bakina ya kama abin da ya saba. Labbaika Allahumma labbaik. Da ita na riƙa lallaɓa shi.

Na kai tsakiyar ɗakin sai ya ƙi. Gashin bayansa ya miƙe, ya gantsare, wutsiya ta tashi sama ta baje, ya fara juyo mini da gindi. Na tsaya cak. Gumi yana shiga idona ban share ba. A raina na ce, ɗan uwa, ni da kai duk baƙi ne a garin nan, duk an rufe mu, kada ka yi mini haka. Na ci gaba da talbiya kamar mai rarrashin jariri. Can sai wutsiyar ta fara sauka. Na bari ta kwanta sosai, sannan na ƙara matsawa. Ya sake tayarwa, na sake tsayawa. Haka muka yi ta yi har ƙafata ta taɓa waya. Na sauke mayafin a hankali ya lulluɓe tarkon ko'ina, na tura gefunansa ƙarƙashi. Na ji ya zagaya a ciki, ya yi wani ɗan gurnani, ya yi shiru.

Na daɗe a tsugune kafin in taɓa shi. Sannan na sa hannu biyu ta ƙasa na ɗaga daidai, ba karkata ba girgiza, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike. Da na fito tsakar sito babu kowa, duk sun haye kan buhuna da saman mota. Rayyis yana can bayan ƙofar ofis, hancinsa kaɗai ake gani. Ammi Bakur ne kawai a tsaye inda yake. Ya zo ya kafa mini gorar ruwa a baki tunda hannuwana ba su da sarari, ya soka mini wata doguwar sanda a hammata, ya ce, “Nesa, ya waladi. Bayan unguwar Bani Malik, wajen dutse. Kada kusa da gidan mutane.”

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Rana ta Jidda a kan ƙafaɗa tsirara, ga ni ba halin sauri. Motocin alhazai suna wuce ni cike, suna talbiya da ƙarfi, ni ina tawa ƙasa-ƙasa a kunnen bodari. Wani mai sayar da ruwa ya biyo ni yana “Esh hada? Esh hada?”, wato mene ne wannan, har ya kai hannu zai ɗaga gefen mayafin, yana zaton aku ne. Ba ni da Larabcin da zan yi masa bayani, ba ni da hannun da zan ture shi. Sai na zare masa ido, ga gashi buzu-buzu, na yi masa wani irin gurnani. Ya ɗauka mahaukaci ne, ya yi gaba yana neman tsari.

Sai bayan azahar na bar gidaje a baya, na samu wani kwari mai duwatsu da ƙayoyi. Na ajiye tarkon a inuwar dutse, ƙofarsa tana duban kwarin, ni ina ta baya. Na naɗe mayafin kaɗan daga bakin ƙofar kawai, na sa hannu ta sama na ja ƙofar a hankali, na tokare ta da sandar Ammi Bakur. Na ja da baya da baya har na yi nisa, na tsuguna.

Bai fito ba.

Na jira. Na yi sallata da taimama, na dawo na jira. Inuwar dutse tana ta tsawo. Na zagaya daga nesa na leƙa, sai na gan shi kwance a gefe, ƙafafu a miƙe, baki a buɗe. Na ce shi ke nan, zafi ya kashe shi a hannuna, na yi wahalar banza, na kashe rai da harami a jiki. Sai na tuna bodari makiri ne, yakan yi mutuwar ƙarya in ya ga ba mafita. In na je na fizge mayafin, mushen nan zai iya tashi ya wanke ni da shi duka. In na bar mayafin na ruga, zan samu mota, in tsaya a Arfa da ƙafaɗa tsirara, in koma in ce wa Inna me? Na ji kiran la'asar yana tasowa daga gari, siriri. Na zauna daram a ƙasa. Na ce motar ta tafi, Rayyis ya sha shagalinsa, ni dai ba zan bar wurin nan ba sai da zaren uwata, ko da zan sake shekara a sito. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma ban tashi ba.

Ina share ido sai na ga ɗan farin kai ya leƙo. Ya shinshina iska. Ya fito a hankali, ya tsaya ya karkaɗe jiki, ko kallona bai yi ba, ya bi ta cikin duwatsu yana rausaya kamar mai gari. Ko na gode babu. Na bari ya ɓace, na je na ɗauki mayafin. Ashe bodarin ya ja gefe ɗaya ta cikin waya ya tattauna, ya bar huda uku ƙanana. Na kai hanci. Bai fesa ba. Akwai dai ɗan bashin jikinsa, wanda sai ka manna hanci za ka ji. Na yafa, na ɗauki tarko, na zura da gudu duk da na san na makara.

Na iso Bagdadiyya rana ta yi ja. Motar tana nan inda na bar ta, cike da kaya da mutane, bakinta a buɗe, Ammi Bakur ya zura kansa a cikin inji. Rayyis yana zagaya shi yana kumfar baki da Larabci. Tsohon ya ɗago ya gan ni, ya goge hannu da tsumma, ya ce, “Mota kharbana tun la'asar, ba ta tashi. Amma yanzu ina jin ta warke.” Ya mayar da wata 'yar waya da ke cikin aljihunsa, ya rufe bakin motar, ya murɗa, ta tashi tun bugun farko.

Rayyis ya tare ni a bakin mota. “Tsaya. Sai na shinshina.”

Na ajiye masa tarkonsa a kan ƙafa. Na zare mayafin na kai masa har hanci, na ce, “Shinshina da kyau, Sale. Auduga ce ta ƙasar Hausa, ko ka manta ƙamshinta.” Ban ce Rayyis ba, kuma kowa ya ji ban ce ba. Ya shinshina, ya sake shinshinawa, yana neman abin da zai kama bai samu ba. Ammi Bakur ya danna ham. Ɗan Yaman ɗin nan ya miƙo hannu daga sama ya ja ni. Muka wuce shingen askar ina zaune a kan buhun shinkafa, ban ko sunkuyar da kai ba.

Washegari na tsaya a Arfa da mayafin a ƙafaɗata. Na riƙe gefen da ya huje a tafin hannuna na yi wa Inna addu'a har muryata ta dushe. Da na kwance harami na naɗe shi da ƙurarsa da guminsa, na mayar cikin riga.

Komawa ma ta ci lokacinta, don sai da na sake tsintar auduga a Jazira. Na tarar idon Inna ya tafi. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta shafa fuskata, ba ta tambayi tsaraba ba, ta ce, “Ina shi?” Na ɗora mata a cinya. Ta bi shi da yatsu tun daga wannan baki har wancan, ta tsaya a kan hudojin. Ta ɗaga ta binne fuskarta a ciki, ta daɗe. Sai ta ɗago, ta karkata kai, ta sake kai hanci wajen gefen.

“Mamman.”

“Na'am, Inna.”

“Can ma akwai bodari?”

Matar da ta yi rayuwarta tana gaba da shi a kan kaji, ina zan ɓoye mata? Na zauna na ba ta labari tun daga tarko har kwari. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta sa na maimaita abin da na gaya wa Sale. Ƙanwata ta ce bari ta ɗan ɗauraye gefen, ai ba a kai wa kabari warin dabba ba. Inna ta janye mayafin ta danne da gwiwa.

“Wanda ya taɓa shi da ruwa ban yafe ba. Ya rufa wa baƙo asiri a ƙasar mutane, ni ma zai rufa mini.”

Da damina ta zagayo muka rufe ta da shi, ba a wanke ba.